Dajin madaciya: shin awon jini zai iya nuna wanda zai daɗe?

Mai Awon Jini:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganata a kan dajin madaciya ce da na magudanan ruwanta, wato hanyoyin da ke kwaso ruwan ɗaci daga hanta su sauke shi a hanji. Kwanan nan ana ta turo mana takardun bincike masu cewa daga awon jini za a iya hasashen wane majinyaci ne zai daɗe, wane ne kuma ciwon zai yi saurin cin ƙarfinsa. Abu uku ne ake ta nanatawa: CA 19-9, wani sinadari da kan hau a jinin mai wannan daji, da rabon niyutirofil da limfosayit, wato nau'i biyu na fararen ƙwayoyin jini, wanda ake kira NLR, sai makin Gilasgo. Aikina ne fitar da waɗannan lambobi, amma ban gamsu cewa suna yi wa mutanenmu aiki yadda ake zuzuta su ba. Kafin in kawo dalilina, ina son jin ta bakin masu duba marasa lafiya. Kuna aiki da su kuwa, ko a takarda suka tsaya?

Ɗalibin Likita:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai a ganina suna da amfani sosai, musamman a wurinmu da kuɗin hoton CT ke gagarar mutane. NLR ba ya buƙatar wani sabon awo. Takardar ƙidayar jini da kowa ke yi ce, ka ɗauki adadin niyutirofil ka raba da na limfosayit. Idan na farko 6.0 ne na biyu 1.2, ka samu 5 ke nan. Bincike da dama sun nuna waɗanda nasu ya haura 3, wasu suka ce 5, ba sa daɗewa kamar waɗanda nasu ke ƙasa. Makin Gilasgo kuma CRP ne, sinadarin da ke nuna kumburi a jiki, da albumin, furotin da hanta ke yi, su kawai: CRP sama da 10, albumin ƙasa da 35, maki ya tashi daga 0 zuwa 2. Ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sista Ta Ɗakin Kemo:
Ƙanena, ka taɓa ganin mai wannan ciwo ya zo mana tun Laraba? Sai ido ya yi rawaya jawur, fitsari ya koma kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki duk shatin susa. Kuma kafin nan an sha rawaya da sauran jiƙe-jiƙen shawara wata biyu ko uku, don har yanzu akwai masu cewa mai shawara ba a yi masa allura, wai mutuwa zai yi. Mutumin da ya zo a haka, in ka auna komai za ka ga ya tashi.

Likitan Tiyata:
Sista ta taɓo inda gizo ke saƙar. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

CA 19-9 ba dajin kaɗai ke fitar da shi ba. Fatar da ta shimfiɗe cikin magudanan ma tana yin sa, kuma a lafiyayyen mutum yana bin ruwan madaciya ya fice. Da zarar hanya ta toshe, ko da tsakuwa ce ta toshe ta ba ƙari ba, sai ya koma jini. Iyakar da aka sa wa lafiyayye 37 ce. Amma mai tsakuwa a magudana wanda ƙwayoyin cuta suka shiga masa, yana zazzaɓi da rawar ɗari, nasa zai iya kaiwa ɗaruruwa har dubbai, a cire tsakuwar a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, bayan 'yan makonni ya sauko kamar ba a yi ba. Saboda haka duk CA 19-9 da aka auna mutum yana tsakiyar shawara, ni ba na gina komai a kansa. Sai an buɗe hanya, ko ta ERCP, wato a bi ta baki da kyamara a sa ɗan bututu, ko a huda ta fata a zuƙe ruwan, bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, ya sauka, sannan a sake awo. Wannan na biyun shi ne mai magana. In ya tsaya a sama bayan ido ya washe, balle ya zarce 1000, to sai in ƙara bincike ko ciwon ya bazu, har in leƙa cikin da kyamara kafin in yi babbar tsaga.

Haka NLR da CRP. Ƙwayoyin cuta a magudana suna ɗaga niyutirofil da CRP a dare ɗaya. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga tarin fuka. Albumin kuwa, mutumin da ya yi wata biyu abinci ba ya shiga, ko hantarsa ta riga ta ƙandare saboda ciwon hanta nau'in B, ta ina nasa zai kai 35?

Kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ya fi kowane awon jini nuna makomar majinyaci shi ne: za a iya yanke ƙarin gaba ɗaya ko ba za a iya ba, an bar ragowa a bakin yanka ko ba a bari ba, ya shiga kaluluwa ko bai shiga ba. A duniya ma waɗanda ake samu da wuri har a iya yi musu tiyatar ba su cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Ɗalibin Likita:
Na gode ranka ya daɗe. To amma masu binciken ai ba su jahilci wannan ba. Suna cire tasirin bilirubin da matakin ciwo a lissafi, kuma duk da haka lambobin suna tsayawa da ƙafarsu.

Dakta Daga Ingila:
Yaron nan yana da gaskiya, kada mu danne shi. A 2022 an fitar da bayanan wata rajista ta ƙasashen Turai mai suna ENSCCA, majinyata sama da 2000 masu dajin magudanan madaciya, kuma hawan CA 19-9 ya fito a matsayin alamar gajeren kwana mai zaman kanta, tare da bazuwar ciwo da kuma ƙarfin jikin majinyaci. Haka da aka koma kan bayanan wani gwajin magani mai suna ABC-02 aka sake tace su, yawan niyutirofil da ƙarancin jini da hawan bilirubin duk sun fito. Abin yana da dalili a jiki: ƙari yana tayar da kumburi, kumburin yana ƙara niyutirofil, yana danne limfosayit waɗanda su ne ke yaƙar ƙwayoyin daji, hanta kuma ta rage yin albumin ta koma yin CRP. Ba tatsuniya ba ce.

Inda nake tare da babban Dakta shi ne yadda ake karanta sakamakon. ABC-02 a nan Birtaniya aka yi shi, aka buga a 2010, mutum 410. Waɗanda aka ba magungunan daji na kemo, jemsitabin haɗe da sisfilatin, tsakiyar kwanansu wata 11.7 ne, waɗanda aka ba jemsitabin kaɗai wata 8.1. Ma'anar wannan ita ce rabin mutanen sun wuce wata 11.7, wasu da nisa. A 2022 gwajin TOPAZ-1 ya ƙara sabon magani, durbalumab, a kan waɗancan biyun: wata 12.8 ga waɗanda aka ƙara wa, 11.5 ga waɗanda ba a ƙara wa ba, kamar ba wani abu ba. Amma da aka duba masu rai bayan shekara biyu, kusan kashi 25 cikin ɗari ne a ɓangaren sabon maganin, kusan 10 a ɗaya ɓangaren. Tambayar da ke damun kowa ita ce su wane ne waɗannan 25 ɗin, kuma har yau babu awon jinin da ke zaƙulo su tun farko da tabbaci. Lambobin suna raba taron mutane gida biyu. Ba sa iya nuna mutum ɗaya su ce kai ne.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan. Amma wallahi kalmar "hasashen kwana" tana yi mini nauyi. Ajali a hannun Allah yake. Mun ga wanda likita ya sallama ya koma gida ya shekara biyar, mun ga lafiyayye ya kwanta bai tashi ba. Me zai sa a ɗauki takardar jini a ce wa bawan Allah ga abin da ya rage maka?

Sista Ta Ɗakin Kemo:
Allah gafarta Malam, babu mai ja da wannan, kuma likitan kirki ba ya yanke wa mutum rana. Amma ka dubi ɗaya gefen. Iyali suna zuwa su ce za su sayar da gona da gida su kai Baba Indiya ko Masar. In ciwon ya riga ya bazu a ciki, albumin ya faɗi, Baba ko banɗaki sai an riƙe shi, shin adalci ne mu yi shiru? Wani in ya san halin da ake ciki, so yake ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar 'yan'uwa, ya zauna cikin jikokinsa. Wani kuma awon ne zai nuna jikinsa da sauran ƙarfi, a ce masa tafi, kada ka ɓata lokaci.

Malam Na Bakin Kasuwa:
In don shawara ce irin wannan, na fahimta Hajiya. Abin da ba na so shi ne a karya wa mara lafiya zuciya da lamba.

Mai Awon Jini:
To yanzu bari in kawo abin da ya sa na buɗe maganar, don duk abin da aka faɗa ya shafi kowa a duniya, nawa kuwa mu ya shafa.

Na farko, CA 19-9 ba kowane jiki ke iya ƙera shi ba. Ana gina shi ne a kan sinadarin rukunin jini na Lewis, kuma wanda bai gaji ƙwayar halittar da ke wannan aiki ba, FUT3, ko ƙari ya cika masa ciki awonsa zai fito ƙasa ƙwarai, wani lokaci injin ma ba zai ga komai ba. Littattafai suna cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mutane haka suke. To wannan ƙidayar Turawa ce. Duk wanda ya yi aiki a ma'ajiyar jini ya san jadawalin: marasa Lewis kusan kashi 6 ne a fararen fata, kusan kashi 22 a baƙaƙen Amurka, waɗanda yawancinsu asalinsu Yammacin Afirka ne. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ka ga in likita ya ga CA 19-9 ya fito 2 ya ce alhamdulillahi ciwon da sauƙi, mai yiwuwa jikin ne ba ya yin sa sam.

Na biyu ya fi wannan girma. Mafi yawan mutanen Yammacin Afirka, sama da kashi 90 cikin ɗari, ba mu da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininmu. Shi ya sa nau'in zazzaɓin cizon sauro na bibaks bai samu gindin zama a nan ba kamar yadda ya samu a Indiya. Amma wannan gado yana tafe da wani abu: adadin niyutirofil da ke yawo a jininmu ya fi na Bature ko Bajapane ƙanƙanta, kuma lafiyarmu ƙalau. Kullum ina ganin ƙato majiyi ƙarfi ya zo ba da jini, niyutirofil ɗinsa bai kai 2.0 ba, limfosayit ma sun fi yawa. To NLR ai niyutirofil ne a sama. In tun asali namu a ƙasa yake, iyakar 3 ko 5 da aka yanka a Japan da Koriya da Turai za ta sa majinyacinmu ya fito a rukunin masu sauƙi alhali ciwonsa ya yi nisa. Wanda ya tashi daga 1 ya koma 2.8 ya ninka kusan uku, amma a takarda bai tsallake layi ba.

Dakta Daga Ingila:
Wannan magana ce babba Malam. Batun Duffy a nan ma sai 'yan shekarun nan aka fara ɗaukarsa da gaske, bayan an lura ana jinkirta wa baƙaƙen fata kemo ko a hana su shiga gwajin magani saboda wai niyutirofil ɗinsu bai kai ba. Kuma manyan gwaje-gwajen dajin madaciya daga Asiya da Turai da Amurka aka kwaso mutanensu, inda ciwon ya fi yawa ko kuɗin bincike ya fi yawa. A arewa maso gabashin Tailan, yankin Khon Kaen, tsutsar hanta da ake samu daga cin ɗanyen kifi ce ke jawo shi, kuma nan ne ya fi yawa a duniya. A Chile da arewacin Indiya na jakar madaciya ne ya addabe su, har Chile ta fara shirin cire madaciya ga masu tsakuwa 'yan shekara 35 zuwa 49 tun 2006. Musabbabi daban, jiki daban.

Ɗalibin Likita:
Yaya, wallahi batun Duffy ban taɓa haɗa shi da NLR ba. To ke nan a watsar da shi?

Mai Awon Jini:
A'a. A auna mutum da kansa. In kana da takardar jininsa ta farko, ka bi yadda take sauyawa, wannan ya fi ka ɗora shi a kan layin wasu. Haka CA 19-9: wanda nasa ya hau tun farko, saukarsa bayan zagaye biyu ko uku na kemo alama ce mai kyau, hawansa bayan tiyata kuma yakan riga hoto nuna cewa ciwon ya dawo. Sai dai a riƙa yi a ɗakin awo ɗaya, don injin wannan kamfani da na wancan ba sa ba da lamba ɗaya a jini ɗaya. Wanda nasa bai taɓa hawa ba, a gwada CEA, wata alamar daji ta daban da ake aunawa a jini.

Sista Ta Ɗakin Kemo:
A ƙara da wannan: kada a ɗebi jinin NLR bayan an ba mutum deksametason. Muna ba da shi don hana amai, kuma washegari niyutirofil yakan yi tsalle.

'Yar Maraɗi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo tsakiyar manya. Innata ce aka yi wa aikin madaciya saboda tsakuwa, aka aika abin da aka cire wurin bincike, sakamako ya dawo wai akwai daji a ciki. An yi mata CA 19-9 ya fito 14. Wani ɗan'uwanmu ya ce tunda bai kai 37 ba shi ke nan ta warke, kada mu sake wahalar da ita da tafiya Yamai. Abin da na karanta a sama ya tayar mini da hankali.

Likitan Tiyata:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Inna lafiya. Ba zan duba ta ta waya ba, amma ga abin da zan ce wa ɗiyata ta cikina. Kada ku tsaya a kan 14 ɗin nan. Ƙaramin ƙari sau da yawa ba ya ɗaga CA 19-9 ko a wanda jikinsa ke yin sa, ga kuma batun Lewis da aka yi bayani. Takardar da ta fi muhimmanci a hannunku ita ce ta masu duba nama: zurfin da ƙarin ya ci a bangon jakar, da ko ya kai bakin yanka. In a fatar ciki kawai ya tsaya, cirewar da aka yi takan wadatar. In ya shiga tsokar bangon ko ya wuce, ka'ida ita ce a yi hoton CT, a koma a yanke ɓangaren hantar da jakar ke manne da shi, a kwashe kaluluwar wurin, kuma ba a son a ja watanni. Bayan tiyata akwai ƙwayoyin kafesitabin na wata shida da gwajin BILCAP na 2019 ya sa aka fara bayarwa. Wanda aka gano nasa ta wannan hanya, ba zato ba tsammani, yana cikin waɗanda suka fi kowa samun dama a wannan ciwo. Ku ɗauki takardun duka ku tafi.

'Yar Maraɗi:
Na gode Baba, Allah Ya saka da alheri. Zan nuna wa yayyena wannan.

Mai Kantin Magani:
Tambaya Dakta na Ingila. Ina jin ana maganar awon da ke kamo ɓurɓushin ƙwayar halittar daji a jini. Shi ma duk wannan matsalar ta shafe shi?

Dakta Daga Ingila:
Shi Lewis da Duffy ba ruwansa da su, don gutsattsarin DNA na ƙarin kansa yake nema. Amfaninsa iri biyu ne. Yawansa a jini, ko samunsa bayan an yi tiyata, yana tafiya da dawowar ciwo. Na biyu kuma, wanda ya fi, yana iya nuna maganin da zai yi aiki. A dajin magudanan cikin hanta kusan kashi 10 zuwa 15 suna da sauyi a ƙwayar halitta mai suna FGFR2, wanda Amurka ta amince da femigatinib dominsa a 2020, wasu kuma IDH1, aka amince da ibosidenib a 2021. A na jakar madaciya sauyin wata ƙwayar halittar mai suna HER2 ake nema. Raunin awon shi ne yakan kuskure sauyin FGFR2 a jini, don haka in akwai nama a hannu shi aka fi so. Sai kuma tsada, ta awon da ta magungunan.

Mai Kantin Magani:
Wato dai a gano maganin da ba za a iya saya ba.

Likitan Tiyata:
Ga mafi yawan mutanenmu haka ne a yau. Ni da za a ba ni zaɓi, kuɗin awo ɗaya irin wannan gara a sa wa mutum bututu a magudana ƙaiƙayi ya bar shi ya samu barci, bilirubin ya sauka har ya cancanci kemo. A ABC-02 ma sai wanda bilirubin ɗinsa bai wuce ninki ɗaya da rabi na iyaka ba aka ɗauka. Kuma kada a manta, a wurinmu in an ga ƙari a hanta, dajin hantar kanta ya fi yawa nesa ba kusa ba, saboda ciwon hanta nau'in B da gubar fumfuna a gyaɗa da masara. Shi wani sinadari mai suna AFP ake aunawa a jini, maganinsa ma daban. Sai an tantance wanne ne kafin a fara zancen hasashe.

Ɗalibin Likita:
To me zai hana mu fitar da namu layin? Takardun ƙidayar jini suna nan a fayil. Mu tattara na shekara biyar ko goma, mu ga a nawa NLR ke raba namu majinyatan. Ni zan iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatuna.

Sista Ta Ɗakin Kemo:
Za ka samu jinin, ƙanena. Ranar rasuwa ce ba za ka samu ba. Yawancinsu in jiki ya yi tsanani gida ake mayar da su, fayil ya tsaya a "an sallame shi bisa buƙatar iyali". Lambar wayar da ke ciki ta wani ɗan rakiya ce da ya sauya layi tuni.

Likitan Tiyata:
Kuma da yawa ba a taɓa ɗibar namansu an tabbatar ba, hoto ne kawai ya ce daji. In ka haɗa su duka za ka cakuɗa dajin magudana da na kan fankiriyas, wato gaɓar da ke yin insulin, da tarin fuka na ciki. In za ka yi, ka yi shi daga yau zuwa gaba: izinin kwamitin ɗa'a, yardar majinyaci a rubuce, lambar waya uku ta mutum uku, jini kafin buɗe hanya da bayanta. Kuma asibiti ɗaya ba zai tara maka adadin da lissafi zai tsaya ba, sai ka nemi Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su haɗa hannu. Wannan ya fi ƙarfin aikin shekara ɗaya.

Mai Awon Jini:
Ranka ya daɗe, ko rabin aikin aka yi an ci riba. A fara da masu ba da jini, lafiyayyu, a ga NLR ɗinsu nawa ne, a gwada Lewis ɗinsu a ga kashi nawa ne ba su da shi. Wannan ba ya buƙatar ranar rasuwar kowa. Matsalata ɗaya, ruwan gwajin Lewis ba a cika ajiye shi ba don ba a nemansa a haɗa jini na yau da kullum. Akwai wanda ke da shi a ma'ajiyarsa a zauren nan, wanda kwanansa bai ƙare ba?

Ɗalibin Likita:
Zan tambaya a tamu gobe in sha Allahu. Yaya, mutum nawa kake ganin za su isa a fara?

Mai Awon Jini:
Ka'idar fitar da iyakar awo tana neman aƙalla mutum 120 a kowane rukuni, don haka maza 120, mata 120. Matan ne za su ba ka wahala, ba su cika zuwa ba da jini ba.